Yadda ake gwada gas ɗin SF6 don gano lahani a na'urorin babbar wutar lantarki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a zauren GIS, wato tashar wutar da aka rufe kayanta cikin bututun ƙarfe masu cike da gas, bayan wuta ta ɗauke ya san irin damuwar. Rile, na'urar da ke gano lahani ta sa a katse wuta, ya nuna wani abu ya tashi a ciki, amma abin da ke gabanka manyan bututun ƙarfe ne a rufe ruf, ba hayaƙi, ba baƙin ƙuna, ko fentinsu bai sauya ba. A tashar da wayoyinta ke sarari, ido ne ke kai ka inda ta ƙone. A nan kuwa ido ba shi da abin yi. Bututun an yanka shi gaɓa-gaɓa kamar gora, kowace gaɓa da nata gas, faifan efoksi, wani ƙaro mai tauri da lantarki ba ya bi, ya raba ta da maƙwabciyarta. In ka buɗe gaɓar da ba ita ba, ka jawo wa kanka kwanaki na kwashe gas, rufewa, zuƙe iska da sake cikawa, duk a banza.

Gas ɗin da ke ciki, wato SF6, shi zai nuna maka. SF6 ƙwayar farar wuta ɗaya ce da fulorin shida suka kewaye. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya kama wuta, kuma a matsi ɗaya ya fi iska hana lantarki tsallakawa kusan ninki biyu da rabi. Idan harshen wutar lantarki ya ratsa shi, ko tartsatsi, ko zafi mai tsanani, sai ya tarwatse. Da ya huce, mafi yawansa ya sake haɗuwa ya koma yadda yake. Ɗan abin da bai koma ba shi ne ke cin karo da danshi, da oksijin, da ƙarfe, da efoksi, ya zama wasu abubuwa dabam: SO2, SOF2, SO2F2, HF, H2S, CF4, da wani farin gari da ke kwanciya a ƙasan bututu. Su za ka auna. Sai dai ka riƙe abu biyu tun yanzu: yawancinsu ba sa daɗewa a cikin gas ɗin, kuma kayan awonka na iya yi maka ƙarya fiye da yadda kake zato.

Kayan aiki

Na farko na'urar awon gas ta hannu, irin ta DILO ko WIKA ko makamantansu, wadda ke auna tsabtar SF6, danshi da SO2 a zama ɗaya. Wasu suna ƙara HF, H2S da CO. Ka fi son wadda ke mayar da gas cikin gaɓa bayan ta gama. Duba takardar saitinta kafin ka fita, domin sensar SO2 tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye, yawanci shekara biyu take yi.

Na biyu bututun gilashi masu sauya launi, na SO2 da na HF, irin na Dräger ko Gastec, da abin daidaita gudun gas ɗinsu. Kada ka raina su don kana da babbar na'ura. Duba ranar lalacewarsu a jikin kwali.

Sai tiyo. Wannan ne inda sababbin hannu suka fi faɗawa. Tiyon awo dole cikinsa ya zama Teflon ko ƙarfen da ba ya tsatsa, gajere iyakar yadda zai yiwu, da murfi a kowane baki. Roba tana shan danshi tana amayar da shi, tana kuma haɗiye abubuwan da kake nema. Tare da shi ka ɗauki mahaɗan bawul masu rufe kansu, masu girman DN8 da DN20, da duk wani mahaɗi na musamman da kamfanin da ya ƙera na'urar ke amfani da shi.

Ka kuma tanadi: silindar sabon SF6 ko ta busasshen naitirojin don wanke layi, ƙananan kwalaben ɗaukar samfuri na ƙarfen da ba ya tsatsa waɗanda aka zuƙe iskarsu, jakar tara gas ko silindar da babu komai a ciki, na'urar gano yoyo, ma'aunin zafi, na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a riga, tabarau, safar hannu mai jure asid, da takunkumin rufe fuska duka mai matatar gas ɗin asid da ƙura. Na ƙarshe, wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina: taswirar gaɓoɓin gas ta tashar, da littafin awon da aka yi a baya.

1. Ka san tarihin gaɓar kafin ka taɓa bawul

Zauna da taswira. Tambayar farko: wannan gaɓa ana katse wuta a cikinta ko ba a yi? Bireka, wato babban makunnin katse wuta, aikinta ke nan ta kashe harshen wuta, don haka samun ɗan SO2 a cikinta bayan ta katse babbar wuta ba labari ba ne. Aisoleta, makunnin da ke ware sashe daga layi, da makunnin haɗawa da ƙasa su ma suna ɗan tartsatsi lokacin da aka motsa su. Amma gaɓar basba, wato doguwar sandar da ke rarraba wuta ga layuka, ko ta kan kebur, ko ta taransifomar awo, babu abin da ya kamata ya tarwatsa gas a cikinsu. Lamba ɗaya tana iya zama ba komai a wannan, ta zama ƙararrawa a waccan.

Tambaya ta biyu: akwai matsotsi a ciki? Wato ɗan kwandon da ke ɗauke da ƙwayoyi masu tsotse danshi da gurɓataccen gas, wanda ake ɗaurawa a bayan murfi. Kusan kowace bireka tana da shi, gaɓoɓi da yawa ma haka. Amfaninsa babba ne ga na'ura, amma ga mai bincike ɓarawon shaida ne, domin cikin 'yan kwanaki yana iya share SO2 da SOF2 da HF har awonka ya nuna sifili.

Sannan ka duba ko an haɗa gaɓoɓi biyu ko uku da siririn bututu ta waje don su yi tarayya a geji ɗaya. In haka ne, gurɓataccen gas yana iya lallaɓawa zuwa gaɓar da ba ta da laifi. Nemi bayanan rile, ka san wane layi ne daga cikin ukun wutar ta tashi a kansa da ƙarfe nawa. Tambayi yaushe aka yi wa gaɓar ƙarin gas, kuma daga wace silinda.

Lokacin awo ya danganta da dalilin zuwanka. In neman inda wuta ta tashi kake, ka je yau, kada ka bari sai gobe. In awon duba lafiya ne na yau da kullum a bireka, ni nakan bar kwana biyu bayan katsewarta ta ƙarshe, don matsotsi ya gama share abin da aikinta na halal ya haifar.

2. Tsare kanka da wurin

Ana iya ɗibar gas na'ura tana ɗauke da wuta, amma sai da takardar izinin aiki, kuma ɗakin kula ya san ainihin gaɓar da kake kai, saboda in ƙararrawar gas ta yi kuka su san dalili. Duba tazarar da ke tsakaninka da sassan da ke sarari, musamman a birekar waje inda bawul ke ƙarƙashin sassa masu wuta.

SF6 mai tsabta ba guba ba ne, amma ya fi iska nauyi kusan sau biyar. Yana gangarawa ramin kebur da ɗakin ƙasa ya kwanta, ya kori iskar shaƙa, kai kuwa ba ka gani ba ka ji. Kunna fankokin zaure, kada ka sauka rami in na'urarka ta nuna oksijin ƙasa da kashi 19.5 cikin 100, kuma kada ka yi aikin kai kaɗai. Wanda ya tarwatse kuwa guba ne na gaske. HF yana cin fata da huhu. Akwai kuma S2F10 da ƙaramin tartsatsi ke haifarwa, wanda iyakar da aka yarda mutum ya shaƙa ba ta wuce 0.01 ppm ba (ppm ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan). In ka shiga zaure ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko wani abu mai yaji a maƙogwaro, ka fita da kowa, gas ya riga ya tsere daga wani wuri. Na ga masu ɗan danna bawul su sunsuna wai don su ji ko ya ƙone. Kada ka koyi wannan. Ba shan taba, ba walda, ba hita a kusa, domin zafinsu kaɗai yana tarwatsa gas ɗin.

3. Karanta geji, ka yi lissafin abin da za ka ɗiba

Rubuta matsin gaɓar da zafin jikin bututu. Yawancin na'urori ana cika su tsakanin bar 4 zuwa 7, kuma gejin da ke jikinsu yana mayar da lissafi zuwa digiri 20, don haka kada ka kwatanta shi kai tsaye da gejin hannu da tsakar rana. Geji yana da mataki biyu: na farko ƙararrawa, na biyu kulle bireka ko katse wuta. Ka san tazarar da ke tsakanin inda allura take da matakin farko.

A babbar gaɓa ɗibar awo ba ta komai. A ƙarama kuwa da magana. Gaɓa mai lita 50 a cikakken matsin bar 5 tana riƙe da gas kimanin lita 250 in an sake shi a matsin sarari. Ka ɗebi lita 5, ka rage bar 0.1. Ka maimaita sau uku saboda ba ka gamsu da sakamako ba, sai ka ji ƙararrawa. In allura ta riga ta kusa, kada ka fara sai da na'ura mai mayar da gas, ko silindar ƙari a gefenka. Amma fa ka yi awo kafin ƙari, domin sabon gas yana tsarma abin da kake nema.

4. Wanke layi, ka gwada na'urar a kan gas mai tsabta

Kunna na'ura ta ɗumama iyakar lokacin da littafinta ya ce. Zuƙe iskar tiyo ko ka wanke shi da busasshen gas. Daga nan ka haɗa ta da silindar sabon SF6 ka yi cikakken awo ɗaya. SO2 ya nuna sifili, tsabta ta kusa 100, danshi ya yi ƙasa sosai. In ba haka ba, matsalar tana hannunka, ba ta cikin GIS.

Wannan mataki na koye shi da kunya. A farkon aikina na manta tiyon awo, na ɗauki wani na roba da ya kwana biyu a bayan mota. Gaɓa shida na auna, duk shida suka nuna danshi ya haura iyaka. Har na fara rubuta rahoton cewa a kwashe gas ɗin layin gaba ɗaya a busar. Wani dattijon injiniya da muke tare bai yi mini gardama ba, ya dai ce in ɗora tiyon a kan sabuwar silinda. Ita ma ta fito jiƙe sharkaf. Tun ranar, in na ga gaɓoɓi da yawa sun ba ni mummunar lamba iri ɗaya, kayana nake fara tuhuma.

In ba ka da sabuwar silinda a wurin, fara da gaɓar da ka fi amincewa da lafiyarta, wadda ke da tarihin awo mai kyau, ta zame maka ma'auni.

5. Haɗawa da awo

Goge bakin bawul da busasshen ƙyalle mara gashi, ka tabbata ba ruwa ko ƙura a cikin murfinsa. Ɗaura mahaɗi da hannu, kada ka sa ƙarfi. Ka lura da inda bawul ɗin yake: in a ƙarshen dogon siririn bututu ne da ke zuwa geji, gas ɗin farko da zai fito tsohon kwantacce ne wanda bai san abin da ya faru a ciki ba. Awon farko ka ɗauke shi a matsayin wankin hanya, ka yi na biyu. In akwai bawul a jikin gaɓar kanta, shi ya fi.

Bayan tashin wuta, kada ka fara da babbar na'ura a kan gaɓar da kake zargi. Sensar da aka ƙera don 0 zuwa 20 ppm in ta sha ɗaruruwa ko dubbai, takan ɗauki sa'o'i kafin ta dawo hayyacinta, wani lokaci ma ta mutu ke nan, kuma duk gaɓar da ka auna bayanta za ta fito da laifin da ba nata ba. Bututun gilashi za ka fara turawa. Karya bakunansa biyu, bi kibiyar da ke jikinsa, bar gas ya ratsa a gudu da adadin da takardarsa ta faɗa, ka karanta inda launi ya tsaya nan take. A gaɓar da wuta ta tashi sosai, launin yakan cinye bututun gaba ɗaya cikin daƙiƙoƙi. Da babbar na'ura kuwa, fara daga gaɓoɓin da kake sa ran lafiyarsu, ka ƙare da abin zargi, kana wanke layi a tsakani.

Bar lambobi su tsaya cak kafin ka rubuta. Danshi ne ya fi nawa. Gas ɗin da ya fito kada ka sake shi a iska: kilo ɗaya na SF6 yana ɗumama duniya daidai da kimanin tan 23.5 na CO2, yana kuma zama a sararin samaniya fiye da shekara dubu, shi ya sa yake cikin gas ɗin da yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta lissafa. In na'urarka ba ta mayarwa, tara shi a jaka ko silindar da aka zuƙe. In awo ya nuna ya gurɓata sosai, kada ka mayar da shi ko da na'urar tana iyawa. Da ka cire mahaɗi, bi bakin bawul da na'urar gano yoyo, ka mayar da murfi, ka sake karanta geji.

6. Fassara abin da ka samu

Nan ne aikin yake. Fara da SO2, domin shi ne kusan kowace na'ura ke aunawa, kuma shi ne maƙurar hanyar da sauran ke bi. Harshen wuta yana haifar da SF4, shi kuma da ya sami danshi nan da nan ya zama SOF2 da HF. SOF2 sai ya ci gaba da shan danshi a hankali yana komawa SO2. Wannan jinkiri yana ruɗa mutane. A gaɓar da ba matsotsi, kana iya auna SO2 yau, ka dawo bayan kwana uku ka tarar ya ƙaru, ka ɗauka wuta na ci gaba da ci, alhali tsohon SOF2 ne ke rikiɗa. A gaɓa mai matsotsi kuma akasin haka: lamba tana sauka kullum, ka ɗauka abin ya warke. Na taɓa isa wata tasha kwana tara bayan tashin wuta, SO2 ya kusa sifili a duk gaɓoɓin da ake zargi. Da aka buɗe ɗaya bisa bayanan rile, farin gari ne shimfiɗe a ciki.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60480 ta sa iyakoki ga gas ɗin da za a sake amfani da shi: iska da CF4 a haɗe kada su wuce kashi 3 cikin 100, danshi kada ya wuce 200 ppm a lissafin girma, jimillar abubuwan da suka tarwatse kada ta wuce 50 ppm, wanda a aikace ake ɗauka daidai da 12 ppm na SO2 da SOF2 a haɗe, ko 25 ppm na HF. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki 12 ɗin nan a ce duk abin da ke ƙasa da shi lafiya ne. Wannan iyaka hukunci ce a kan gas, ko ya cancanci a zuba shi a na'ura. Ba ta ce komai a kan lafiyar na'urar ba. Gaɓar basba da shekara biyar tana nuna sifili, yau ta nuna 3 ppm, tana da magana a bakinta ko da 12 na nesa. A wurina, duk gaɓar da ba a katse wuta a cikinta, in SO2 ya haura 1 ppm kuma awo na biyu ya tabbatar, ta shiga jerin waɗanda zan bibiya.

Ka kuma sa girman gaɓa a lissafi. Adadin da zai ba ka 10 ppm a gaɓa mai lita 100, a mai lita 2,000 rabin ppm ɗaya zai nuna.

Sauran kowanne da abin da yake nunawa. Harshen wuta mai ƙarfi ya fi haifar da SOF2 da farin gari mai yawa. Ƙaramin tartsatsi, wanda ake taƙaitawa da PD, irin wanda ɓarɓashin ƙarfe mai yawo ko tsinin da ya fito a jikin sandar da ke ɗauke da wuta ke jawowa, yana ɗaga rabon SO2F2 idan aka kwatanta da SOF2, kuma SO2F2 ya fi jure zama a gas. H2S tare da SO2 yakan sa in yi tunanin zafi mai tsanani, kamar mahaɗar sanda da ta saki tana gasuwa, ko wutar da ta taɓa efoksi. CO da CO2 suna nuna cewa wani abu mai kabon yana ƙuna, efoksi ko takardar naɗi a taransifomar awo. CF4 na fitowa daga efoksi ko daga bakin Teflon na cikin bireka, kuma shi matsotsi ba ya kama shi, don haka shi ne mai dogon tunani a cikinsu. Matsalarsa ita ce sabon gas ma yana zuwa da ɗan kaɗan, saboda haka ba shi da amfani sai kana da lambar farko da za ka kwatanta. HF kuwa in ka same shi, abin sabo ne. In ba ka same shi ba kada ka yi murna, yana manne wa bango da tiyo ya ɓace kafin ya iso sensa.

Danshi yana da nasa tarkon. Akwai ppm na girma, akwai na nauyi, kuma a SF6 tazararsu kusan ninki takwas ce: 25 na nauyi daidai yake da kimanin 200 na girma. Akwai kuma zafin saukar raɓa, wanda wata na'ura ke bayarwa a matsin sarari, wata a matsin gaɓa. Ƙa'idar IEC 62271-1 tana so kada ya haura digiri 5 ƙasa da sifili a matsin cikawa, in an auna a digiri 20, dalili kuwa in ruwa zai sauka, ya sauka a matsayin ƙanƙara, wadda ba ta jan wuta a kan faifai kamar ruwa. Rubuta wane ma'auni ka yi amfani da shi. Kuma danshi yana hawa da zafi domin bango da efoksi suna sakin ruwan da suka sha, don haka awon sanyin safiya da na tsakar rana ba za su zo ɗaya ba.

In babu tarihin awo kwata-kwata, kwatanta gaɓar da 'yan'uwanta: layuka uku na fanni ɗaya (rukunin kayan da ke kula da hanyar wuta ɗaya), ko gaɓa irinta a fannin da ke kusa, waɗanda aka cika rana ɗaya. Wadda ta fita daban ita ce abin dubawa.

7. Tura samfuri ɗakin gwaje-gwaje

Na'urar hannu ba ta raba SOF2 da SO2F2 da CF4. Sensoshinta ma suna shiga gonar juna, ta SO2 tana iya amsa wa wani gas ɗin. Idan lambar ta isa a yi tunanin kashe layi, cika kwalbar samfuri. Ta zama an zuƙe ta, busasshiya, ka wanke ta da gas ɗin gaɓar sau biyu ko uku kana tara wankin, sannan ka cika. Rubuta sunan gaɓa, rana, sa'a, matsi da zafi a jikinta. Ta isa cikin 'yan kwanaki, domin a cikin kwalba ma SOF2 bai daina rikiɗa ba. Jakar leda ta samfuri ba ta dace da doguwar tafiya ba, danshi na ratsa ta. In da hali, haɗa da kwalba ta biyu daga lafiyayyar gaɓa.

8. Nemi shaida ta biyu kafin ka yanke hukunci

Akwai lahanin da gas ba ya gani. Idan rami ne a can cikin faifan efoksi, tartsatsin yana ci a rufe, bai taɓa gas ba, har ranar da faifan zai fashe awonka sifili zai riƙa ba ka. Ƙaramin tartsatsi a babbar gaɓa mai matsotsi shi ma yana iya ɓuya. Don haka a haɗa da na'urar sauraren tartsatsi ta UHF, mai kama siginar rediyon da yake fitarwa, ko ta sauti da ake mannawa a jikin bututu, wadda ke jin ɓarɓashi yana tsalle. In zafi kake zargi, kyamarar zafi a lokacin da ake jan wuta a layin, sannan awon juriyar mahaɗa idan an kashe.

Yadda nake yi: ƙaramar lamba da ba ta motsi, in dawo bayan mako biyu, sannan wata ɗaya, da na'ura ɗaya da bawul ɗaya. Lamba mai hawa a gaɓar da ba a katse wuta, a nemi ranar kashewa. Lamba mai hawa tare da H2S ko CO, ko tare da tartsatsin da aka ji, ba na jiran ranar da ta dace da kowa. Gaɓar da wuta ta tashi a cikinta kuwa ba a mayar mata da wuta don a gani.

Kafin duk wannan, karanta farantin da ke jikin na'ura. A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Kanada ana cakuɗa SF6 da naitirojin ko CF4, sai na'urarka ta ce tsabta ta faɗi alhali haka aka cika. Sababbin na'urori kuma da yawa ba SF6 ba ne a cikinsu, musamman tun da dokar Tarayyar Turai ta 2024 ta sa wa'adin daina kafa masu SF6, farawa da na 24 kV zuwa ƙasa a 2026. Waɗannan da nasu na'urar awo da nasu lambobi.

9. Idan ta kai ga buɗewa

A kashe, a haɗa da ƙasa, a kulle. Kwashe gas ta matatar farko kafin ya shiga injin kwasa, zuwa silinda ta daban mai alama, kada ya haɗu da mai kyau. A zuƙe har ƙasa da milibar 20, in injin zai iya a kai ƙasa da 1. Duba littafin na'ura kan rage matsin gaɓoɓin da ke maƙwabtaka, domin ba a so mutum ya sa kai kusa da faifan da ke riƙe da cikakken matsi ta gefe ɗaya, ballantana wanda wuta ta lasa. Shigar da iska a hankali, a bar wurin ya sha iska, a auna kafin kowa ya leƙa.

Mai shiga ya sa rigar da ake yarwa, safar hannu da takunkumi. Ɗauki hoto kafin a taɓa komai, inda garin ya fi taruwa da inda ƙarfe ya narke su ne za su ba da labarin. Sannan a zuƙe garin da injin shara mai matatar ƙura da aka keɓe don wannan, da wuri, domin da ya sha danshin iska yake zama asid mai danƙo. Ba a hura shi da iska, ba a share shi da tsintsiya. Gari, ƙyallaye, tsohon matsotsi da rigar duk a jiƙa su a ruwan sodiyam kabonet gwargwadon yadda littafin ya tsara kafin a zubar. In ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Wanda ya shaƙa ma a kai shi ko da ya ce ya warware, saboda kumburin huhu yana iya bayyana bayan sa'o'i.

Sabon matsotsi shi ne abu na ƙarshe da za a ɗaura, a fito da shi daga gwangwaninsa ana dab da rufe murfi, a fara zuƙe iska nan take. Bayan an cika, bar gas ya zauna aƙalla kwana ɗaya, ka auna tsabta, danshi da SO2, ka tura kwalba ɗaya don a sami lambar CF4. Waɗannan ka rubuta su a sabon shafi na littafin gaɓar, tare da lambar silindar da aka cika da ita da lambar na'urar da ka yi awon.